Daga Tambuwal Zuwa Timiya: Abin da Ya Rage a Gandun Dajin Azbin

Mutumin Tambuwal ko na Kebbe in ya ɗaura niyyar doguwar tafiya, kudu yake fuskanta. Ya bi ta Jega, ya ratsa Koko da Yawuri da Kwantagora, sai Badun ko Ikko. Arewa kuwa, a lissafin yawancinmu, kasuwar Illela ce iyakarta. Alhali in aka auna hanya, Agadas ta fi Ikko kusa da mu, don kilomita 700 da 'yan kai ne tsakaninta da Tambuwal. Bayan Agadas kuma akwai duwatsun Azbin da hamadar Tenere, inda gwamnatin Nijar ta keɓe gandun daji mai faɗin murabba'in kilomita 77,360, wato kusan ninki uku na Jihar Sakkwato ɗungurungum.

Kakanninmu ba su ɗauki wannan ƙasa baƙuwa ba. Wajen shekarar 1515, Kanta na Kabi ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, kuma rabon ganimar wannan yaƙi ne ya haɗa su faɗa har Kabi ta ɓalle ta ci gashin kanta. Labarin baka ma yana cewa Kanta ya tilasta wa Azbinawa ɗauko ruwa a kan raƙuma tun daga ƙasarsu zuwa Surame, birnin da kangonsa ke nan har yau a Jihar Sakkwato. Ramuwar ta zo a 1674, lokacin da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Kabawa da yaƙi ya ƙwace ƙasar Adar. Shehu Usmanu kansa, yana saurayi mai neman ilimi, ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ya zauna tare da shi kimanin shekara guda, bai juyo ba sai da malamin ya ɗauki haramar Makka shi kuma ba shi da izinin mahaifi. Ɗan Shehu, Buhari, ne daga baya ya zauna ribaɗi a Tambuwal. Saboda haka wanda ya tashi daga nan ya nufi Azbin tsohuwar hanyar gida ya bi, kwalta kawai aka shimfiɗa mata, ita ma ba duka ba.

Hanya

Daga Tambuwal zuwa Sakkwato babu wani labari, kowa ya san Dogon Daji da Shagari da Boɗinga. Daga Sakkwato sai Kware da Gwadabawa, sai Illela, sai a tsallaka Birnin Ƙonni. Wannan iyaka ta sha rufewa da buɗewa. Ta baya-bayan nan ita ce wadda ta biyo juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, ba a sake buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024, kuma tun Janairun 2025 Nijar ba ta cikin ECOWAS. Don haka kada zumuncin harshe ya ruɗi matafiyi ya bar takardunsa a gida. Jandarma zai gaishe ka da Hausa tsantsa, ya tambayi mutan gida, sannan ya miƙo hannu ya ce, “Malam, takarda.” A Ƙonni ake canza kuɗi, a nan kuma ake koyon lissafin sefa, inda dala ɗaya tamma biyar ce, jikka ɗaya kuma sefa 1,000. Wanda bai riƙe wannan ba, mai tsire zai koya masa da tsada.

Gabas kaɗan da Ƙonni, a Tsarnawa, hanya take rabuwa. Wadda ta miƙe ita ke zuwa Galmi, garin albasa, kusa da Maratta inda aka haifi Shehu a 1754, ta wuce Maraɗi. Tamu ta karkata arewa zuwa Tawa. Ƙasar Adar ƙasar tsakuwa ce da tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, kuma daga nan ne ɗimbin 'yan ci-rani ke gangarowa garuruwanmu da kaka ta wuce. Mai son ya gane dalili ya dubi gonakinsu: jerin duwatsu da aka tsara a gefen tudu don tare ruwa, da ramukan da aka haƙa kamannin rabin wata ana dasa itace a ciki. Manomin Kebbe da ke kukan ƙasarsa ta gaji ya kamata ya ga inda ake noman gero a kan dutse.

Bayan Tawa itatuwa ke fara sallama ɗaya bayan ɗaya. Kuka da ɗorawa tun tuni an baro su. Gawo ya yi ƙaranci, sai aduwa da magarya da ƙayoyi gajeru, sai tumfafiya wadda ba ta san fari ba. Tafkin Tabalak na ba ido hutu, da masunta da lambuna a bakinsa, daga nan sai Abalak, inda gona ke ƙarewa kiwo ya karɓe ƙasa. Rijiyoyi a nan zurfinsu ya wuce a ja guga da hannu, jaki ko raƙumi ke ja, yaro na kora shi har ya yi nisa kafin wasaki ya leƙo baki.

Wannan hanya ta Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit an gina ta ne a ƙarshen shekarun 1970 saboda ma'adinin yuraniyom, kuma manyan motoci sun ci ta sun ƙoshi. A wurare da yawa direba ya gwammace ya sauka daga kwaltar ya bi gefe cikin rairayi. Kilomita wajen 400 ne daga Tawa zuwa Agadas, amma kada wanda ya yi lissafin awoyinsa da gudun hanyar Sakkwato zuwa Jega. Kusa da ƙarshe akwai mararrabar Ingal, garin da makiyaya Azbinawa da Fulani Wodaɓe ke taruwa a watan Satumba don dabbobinsu su lashi gishirin ƙasa. A wannan yanki ne kuma masana suka tono ƙasusuwan dabbobin dauri masu girman gaske, ciki har da wanda Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya haƙo a 1997 aka sa masa suna Jobariya.

Agadas ta cancanci nata rahoton daban, don haka a taƙaice: hasumiyar babban masallacinta ta laka ce, tsayinta mita 27, asalinta tun farkon ƙarni na 16, an sake gina ta a 1844, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Fadar Sarkin Azbin na nan kusa da masallacin, da dogarai da jajayen rawuna yadda muka sani. Hausa ce harshen kasuwa. A nan ake barin motar haya a nemi mai ƙafa huɗu, da direban da ya san ƙasa, da izinin hukuma, da jarkokin mai da na ruwa. Direban kirki ba ya tashi sai ya zaga ya ji labarin hanya daga waɗanda suka sauko jiya.

Timiya

Kilomita 200 da ɗoriya ne daga Agadas zuwa Timiya, kuma yini guda suke ci cur. Babu kwalta. Mota na bin busasshiyar ƙorama, ta hau dutse, ta sake gangarawa wata ƙoramar. Duwatsun baƙaƙe ne wuluk, wasu tsofaffin bakunan aman wuta ne da suka mutu tun ba a san ƙidaya ba. Can gefe akwai tsaunin Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu wurin da ya fi shi tsawo a duk Nijar. Sai ka yi awa ba ka ga mutum ba, sai kwatsam ga yarinya da garken awaki a gindin ƙaya, ta ɗaga hannu tana neman a tsaya ta sayar da cuku.

Ba a hango Timiya daga nesa. Kwana ɗaya mota za ta sha, sai kawai ga dabino da goriba sun cika kwari, ga gidajen laka da bukkokin tabarma a jikin tudu, ga wata tsohuwar ganuwar sojan Faransa da ake kira Fort Massu tana leƙen garin daga sama. Ƙasa da garin kaɗan akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse zuwa wani kududdufi mai sanyi, nan baƙi ke fara zuwa ɗaukar hoto. Amma abin kallo na gaskiya yana bayan shingayen ƙaya da ke jere a gaɓar ƙorama.

Muka tura ƙyauren wani lambu da hantsi. “Sannu da aiki, Baba.” “Yawwa, sannunku da zuwa, baƙin Najeriya.” Dattijon na tsaye cikin fangali da fartanya, rawani ya rufe masa baki, wando a naɗe har gwiwa. A bakin rijiya an kafa wasu itatuwa biyu da suka jingina gaba, da gargare a sama da wani a ƙasa. Wasakin fata ne babba, amma gindinsa a buɗe yake, an ɗinka masa dogon hanci. Igiya biyu ke riƙe da shi, ɗaya a baki ɗaya a hancin. Muddin yana cikin rijiya hancin na naɗe sama, ruwa ba ya zuba. Jikan dattijon ya ja raƙumi ya yi gaba, wasaki ya taso, da ya iso sama sai hancin ya miƙe da kansa ya juye ruwan cikin kwamin kututturen dabino. Yaro ya juyo da raƙumi, wasaki ya koma. Ba wanda ya taɓa guga da hannu. Ruwan ya bi lambatu, dattijo ya buɗe wa wannan fangali da bakin fartanya, ya cika, ya toshe, ya buɗe wa na gaba. Azbinawa na kiran wannan na'ura takarkart. Jigon da kakanninmu suka yi ban-ruwa da shi a fadamun Gulbin Zamfara bai kama ƙafarta ba.

Lambun hawa-hawa ne. Dabino a sama yana ba da inuwa, ƙarƙashinsa lemun zaƙi da lemun tsami da babban lemu mai ɗaci-ɗaci da rumman da ɓaure da inabi, a ƙasa kuma alkama da masara da albasa da tafarnuwa da tumatir. Sanyin tsauni ne ya ba su wannan, don da hunturu ruwan buta na iya kwana ya wayi gari da ƙanƙara a sama. Lemun Timiya ya yi suna har Yamai, inda ake jiran saukarsa a lokacin sanyi. Duk wannan a ƙasar da ruwan samanta na shekara sau da yawa ba ya kai milimita 100, mu kuwa da muke samun ninkin wannan sau shida ko bakwai muna sayen lemu daga Binuwai. Sirrin yana cikin ƙoramar. In aka yi ruwa a kan duwatsu, ko sau uku ne a damina, duk sai ya taru ya kwararo ta kwari ɗaya, rairayi ya shanye ya ajiye, rijiyoyi su yi ta tsotsa har shekara ta zagayo. Wani lokaci kuma ambaliyar takan zo da fushi ta tafi da lambu da rijiya da shinge, kamar yadda ƙoramar Telwa ta yi wa unguwannin Agadas a Satumban 2009.

Mutanen Timiya Kel Ewe ne, kuma gidansu ƙafa uku yake tsaye a kai: lambu, awaki, da ayari. Awaki na mata ne, su ke fita da su daji, su ke yin cuku. Ayari na maza ne. Wajen Oktoba sukan ɗaure wa raƙuma damman ciyawa da buhunan gero, su bi madugu su ratsa Tenere zuwa Bilma ko Fashi, su musanya geron da kantun gishiri da dabino. Su dawo gida su huta kaɗan, sannan su gangara kudu zuwa Damargu da ƙasar Hausa, su sayar da gishiri, raƙuma su yi kiwo a gonakin da aka girbe su bar taki, su kuma su sayi geron shekara su koma. Namiji kan yi fiye da rabin shekara ba ya gida. Wani Bajamushe masanin al'umma, Gerd Spittler, ya zauna da su tun shekarun 1970 ya rubuta yadda wannan tsari ya fisshe su a farin 1984: in ƙafa ɗaya ta karye, biyu na riƙe da gida. Mu a yammacin ƙasar Hausa gishirin Fogha muka fi sani, wanda ke zuwa kasuwar Jega, amma kantun Bilma ba baƙo ba ne ga duk mai kiwon shanu. Ayarin bai mutu ba, sai dai manyan motoci sun rage masa kasuwa, samari kuma sun sami wani abin da ya fi gishiri jan hankali.

Da dare mai masaukinmu ya tona rami cikin toka da rairayi mai zafi, ya binne curin ƙullun alkama, ya mayar da garwashi a kai. Da ya gasu ya kakkaɓe, ya gutsuttsura cikin miya. Suna kiransa tagella. Bayansa shayi, zagaye uku, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne.

Tsakanin Timiya da Iferwan akwai kangon Asode, wanda a da shi ne babban birnin Azbin. Ganuwar masallaci na tsaye, tituna na nan, kasake sun cika ƙasa, babu ko kaza. Garin ya daɗe yana raguwa, amma abin da ya ƙarasa shi yaƙin Kawsan ne. A Disambar 1916 Kawsan, wani jagoran Azbinawa, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, har zuwa Maris na 1917 da aka kawo wa barikin ɗauki. Abin da ya biyo baya ramuwa ce marar tausayi: aka kashe malamai a Agadas, aka kwashe mutane daga ƙauyukan tsauni, aka ƙwace raƙuma. Da yawa suka gudo kudu, wasu har ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato.

Gandun da aka yi wa dabbobi

Iferwan ƙaramin gari ne a cikin faffaɗan kwari, tsaunin Tamgak na tsaye a gabashinsa. A zamanin fatauci nan ne ayarin da ya fito daga Gat ta ƙasar Libya ke fara samun ruwa da inuwa na kirki, kuma ta wannan hanya jar fatar akuyar Sakkwato da gashin jimina suka riƙa zuwa Tarabulus, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya juya kasuwa zuwa teku. Yau nan ce hedikwatar gandun dajin Azbin da Tenere.

An kafa gandun a Janairun 1988. UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari, kuma sama da shekaru 30 ke nan bai fita daga wannan jeri ba. Tsarinsa na farko yana da hikima. Ba a kori kowa ba. An bar makiyaya da masu lambu a inda suke, aka hana farauta da saran ɗanyen itace, aka ɗauki wasu daga cikin mutanen wurin su zama idon gandu. A tsakiya kawai aka keɓe wani yanki na kimanin murabba'in kilomita 12,800 da ba a yarda kowa ya shiga ba, domin wata farar dabba dangin barewa mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks, wadda kan yi watanni ba ta sha ruwa ba, raɓa da ɗanyen ganye sun ishe ta.

Matafiyi ya sani tun daga gida: ba zai ga adaks ba. Babu ita a yankin da aka keɓe da sunanta. Ragowarta a duniya, waɗanda ba su kai 100 ba a daji, suna can kudu maso gabas wajen Tarmit da Tin Tumma, inda wani bincike na 2016 ya iya ganin guda uku kacal. Mariri ya riga ta tafiya, don a 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji ko'ina, sai da aka dawo da shi Chadi daga gidajen kiwo a 2016. Jimina mai jan wuya kuwa, wajen 1990 an ƙiyasta akwai kimanin 1,600 a Azbin. Tawayen Azbinawa da ya ɓarke a wannan shekara ya kawo bindiga da mota cikin kwaruruka, a Fabrairun 1992 aka yi garkuwa da ma'aikatan gandun su shida, aikin tsaro ya tsaya cik. Kafin a sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu, 1995, jiminun sun kusa ƙarewa, ba a daɗe ba kuma suka ƙare. Tawaye na biyu ma a Iferwan ya fara, a Fabrairun 2007, har garin ya watse na wani lokaci saboda nakiyoyin da aka binne a hanyoyi.

Jiminun da muka gani a bayan waya suke, a gefen gari, cikin 'yan kaɗan da ake kiwo a Iferwan da Kelle da Maine-Sorowa da fatan wata rana a sake su. Namijin ya fi mutum tsawo nesa ba kusa ba, baƙi ƙirin da fararen fukafukai, wuya da cinyoyi jajaye. Ya tako har bakin waya a kan yatsu biyu, ya sunkuyo da ƙaramin kansa ya ƙare mana kallo da manyan idanu masu gashi, ya kai wa maɓallin rigar abokin tafiyata cafka. Na tuna takalman gashin jimina da figinin da ake yi wa sarakunanmu fifita da shi ranar hawan salla. Ba mu cika tambayar inda tsuntsun yake ba.

Ba wai dajin ya zama fanko ba ne. Ƙaramar barewar hamada na nan, da sassafe akan ga biyu ko uku sun gilma. Ragon dutse na can saman tsaunuka, akan ga sawunsa da kashinsa a bakin ruwa. A tsaunin Takolokuzet akwai 'yan tsirarun babbar barewa mai farin ciki da jan wuya, ɗaya daga cikin garkunan ƙarshe a duniya. Akwai dila da yanyawa, da birai a kwazazzaban Tamgak waɗanda hamada ta yanke su daga 'yan'uwansu na kudu tun dubban shekaru. A saman duwatsu akwai zaitun na daji, a kwaruruka kuma akwai dangin gero da dawa da ba wanda ya shuka, waɗanda masana iri ke daraja su saboda jurewar fari. Ga manomi, wannan ciyawar ta fi adaks amfani.

Sannan akwai ƙasar kanta. Arewa maso gabas da Iferwan, inda dutse ke ƙarewa, tuddan rairayi na Temet sun taso sun jingina da tsaunin Gerebun, wasunsu sun doshi mita 300. A Arakaw duwatsu sun yi da'ira sun buɗe baki gabas, iska na tura rairayi ciki. Hawan tudu ɗaya aiki ne, taku uku gaba biyu baya, kuma daga sama ba abin da ido zai sauka a kai har ƙarshen sama. A ƙasa kuwa, in ka duba da kyau, ga kan kibiya na dutse, ga dutsen niƙa, ga ƙashin kifi. Nan tafki ne a da. Can kudu a kan hanyar Bilma ne aka yi wani itace guda ɗaya tak da ba shi da maƙwabci ko'ina kusa da shi, wanda saiwarsa ta nutse fiye da mita 30 neman ruwa, har wani direban babbar mota ya banke shi a 1973. Gawarsa na gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Barazanar yau ba ta tawaye ba ce kaɗai. Tun 2014 da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, daga baya kuma a cikin Azbin kanta, dubban mutane suka kwararo, har da samarinmu na Zamfara da Sakkwato. Mai haƙar zinariya na bukatar itacen girki da nama, mai babur kuma na iya bin barewa har ta faɗi. Wata ƙaya baƙuwa da aka shigo da ita don tare hamada ta mamaye wasu kwaruruka tana kashe na gida. A lambuna ma injin ban-ruwa na korar raƙumi, musamman wajen Tabelot inda albasa ta zama kuɗi, ana lodinta zuwa Abijan da Ankara yadda Aliero ke lodin tata zuwa kudu. Ba na ganin laifin mai lambu, wanda ya taɓa bin raƙumi daga asuba zuwa azahar ba zai zage shi ba. Amma raƙumi na gajiya ya bar rijiya ta huta, inji kuwa sai mai ya ƙare, kuma masu lambu da kansu na cewa ruwa na ƙara nisa.

A nawa ganin, abin da ya tsira a Azbin shi ne abin da ke da mai shi. Dabino da lemun Timiya sun ga tawaye biyu da fari da ambaliya suna nan, don kowane itace akwai wanda zai yi kuka in ya mutu. Jimina ta gwamnati ce da Turawan ƙungiyoyi, ranar da suka janye ba ta da kowa. Mu ma ba sai an ba mu labari ba. Jihar Sakkwato ba ta da gandun daji na ƙasa ko ɗaya. Mafi kusa da Kebbe shi ne na Tafkin Kainji, na farko a Najeriya, mai murabba'in kilomita 5,340, sai na Kamuku a Birnin Gwari, kuma dukansu biyu 'yan bindiga sun fi masu yawon buɗe ido sanin cikinsu. Dazukan da suka haɗa Kebbe da Gummi kuwa, tsakanin masu gawayi da masu satar mutane, manomi na tsoron shiga, mafarauci ba abin da zai samu.

Dawowa ta Arlit

Daga Iferwan an fi saurin fita ta yamma zuwa Arlit, garin da aka gina saboda yuraniyom, inda aka fara haƙa a 1971. Sace ma'aikata bakwai da aka yi a nan a Satumban 2010 shi ne ya ƙarasa kashe harkar baƙi Turawa, wadda a da ta ciyar da direbobi da maƙeran azurfa da masu rakiya a duk yankin. Har yanzu ana bikin Azbin a Iferwan a lokacin sanyi, da tseren raƙuma da kiɗan tende, yawancin 'yan kallo 'yan ƙasa ne. Mai niyyar zuwa ya zaɓi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya ɗauki bargo mai kauri, kada ya yi tafiyar dare, kada kuma ya bar hanyar da direba ya sani, ya kuma tambayi halin tsaro a Agadas kafin ya ɗaga, don labarin wata ɗaya ba ya yi wa wata mai zuwa aiki.

Tsakanin Arlit da Agadas, a wani wuri da ake kira Dabus, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin falalen dutse shekaru dubbai da suka wuce. Babban ya kai mita 5.4, an fitar masa da kowane zane na fata. Masu rai kuwa, irin na Afirka ta Yamma, ba su rage ko'ina ba sai a Nijar, yawancinsu a yankin Kure da ke tsakanin Doso da Yamai, wanda ya fi Agadas kusa da Tambuwal sosai ta hanyar Kamba da Gaya. A 1996 guda 49 suka rage. Ba shinge aka yi musu ba, a gonakin mutane suke yawo suna cin wake. Sai aka hana kisansu, aka kuma riƙa ba ƙauyukan rance da rijiyoyi da aikin rakiyar baƙi, har adadinsu ya haura 600. A Nuwamban 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekaru 50 ba a ga irinsu ba. A ranar 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da shugaban masu rakiyar baƙi na yankin. Gwamnati ta rufe wurin ga masu ziyara, kuɗin shiga da ƙauyukan ke samu ya yanke.